Ruwan Safiyya

Tun rediyo bai iya faɗin sunan abin ba, Attahiru na Illela ya riga kowa ganinsa. Ba a hoto ba, ba a waya ba. Da idonsa ya gan shi, da hannun nan nasa mai kanta ya taɓa shi, ya shaƙe shi ta hanci, ya yi atishawa, ya ci gaba da aikinsa. Gari ne rawaya, lukwi, wanda in ka gan shi a ƙwarya sai ka ce na ɗorawa ne ka nemi ruwan damawa. To shi ne yau manyan ƙasashe ke zare wa juna ido a kansa. Wannan na cewa waccan kada ta kuskura ta dafa shi ya zama makamin ƙare-dangi, waccan na cewa ta dafa ɗin, mai ƙarfi ya zo ya hana ta.

Yana saurayi ya tafi, shekarar da fari ya share garken ubansa. Ya bi motar albasa ya haye Ƙonni, ya wuce Tawa, ya wuce Agadas, har Arlit, can cikin rairayi inda ake haƙo abin daga ƙarƙashin dutse. Ko alif bai sani ba, shi ya sa lebura aka ba shi. A cika duro da garin nan, a toshe, shi da abokan aikinsa su gangara shi bakin mota. Cikin waɗanda suka tafi tare, Idi na Amarawa ya dawo da tari, tarin ya kai shi kabari. Abdulmalik ko dawowar bai samu ba. Attahiru kuwa ya dawo da ƙafarsa, haƙoransa cif, da keke, da rediyo, da wani fankon duro da ya tsinta a jujin ƙarafa bayan sansani, ya ba direba goro ya ɗaure masa shi bisa kaya. Bayan nan mota ta kife da shi a hanyar Gwadabawa, ya fito yana karkaɗe riga. Amai da gudawa ya ratsa unguwa ya kwashi na kwasa, ya tsallake shi. An rufe iyaka an buɗe, an sake rufewa, masu ƙiba sun rame, shi yana nan yadda yake. Mutuwa ta san ƙofar gidansa sarai. Da ta tashi shigowa, matarsa ta ɗauka ta bar shi.

Matar, Safiyya, ita ce ta ba duron aiki. Gidan nasu a bakin hanyar iyaka yake, kullum tana leƙen mutane suna ratsa rana da kaya a ka, leɓe a bushe. Sai ta sa ya wanke duron, ya shafe shi da shuɗin fenti, ta naɗe shi da buhun algarara tana yayyafa masa ruwa don ya yi sanyi, ta yi masa murfin katako, ta ɗaura moda da igiya. Aka kafa shi gindin dogon yaron ƙofar gida. Mai wucewa duk ya sha, sadaka. A ciwon ajalinta, da magana ta fara yi mata wuya, abu guda ta roƙe shi.

"Malam, kada ruwan ga shi yanke."

Bai yanke ba. Kowace safiya mai garuwa zai cika duron, Attahiru ya shimfiɗa tabarma gefensa, ya jingina rediyo da bango. Ɗiyarsa Zuwaira tana aure a Amarawa, ranar kasuwar Lahadi kaɗai take zuwa da 'yar jinjirarta Latifa. Sauran kwanaki cikin gidan ba motsin kowa sai na ƙadangaru. Amma ƙofar gida cike take. 'Yan kabu-kabu masu tsallaka kaya Ƙonni, 'yan canji da jakunkunan sefa a hammata, matan Fulani masu nono, mahauta masu koro shanu daga kara. Kowa ya sha sai ya goge baki ya ce, "Allah kai ladan kabarin mai shi." Attahiru ya ce amin. In ya ce amin kuwa sai ya kama mutum da labari, don ruwan kyauta ne amma kunne ba a barinsa ya tafi haka nan.

Ba wanda ya taɓa yarda da labarinsa, ka ji rashin adalcin mutane. Shugaban masu ƙaryata shi kuwa taubashinsa ne Maharazu, mai amalanken jaki, wanda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da tsiya ba.

"Bawana, yau kuma wace anka dama muna?" haka yake sallama.

"Kai da iyakar tahiyarka kasuwar Lahadi, mi kas sani? Jakinka ma ya ga duniya bisa gare ka."

A bazarar nan ne rediyo ya ɗauki zafi. Safe da yamma magana ɗaya. Wasu ƙasashe biyu can nesa, masu tsohuwar gaba, ɗaya an ce ta kusa gama haɗa makamin, ɗayar ta ce kafin a gama za ta rushe wurin. An kori masu bincike, an tara jiragen ruwa, an yi taro an watse ba a gaisa ba. A Illela abin da ya fara damun mutane shi ne ko man fetur zai ƙara tashi. Amma samari da waya a hannu sun fi son hoton abin.

Wata ranar da azahar ta wuce, 'yan kabu-kabu sun jera baburansu a inuwar dogon yaro, Mukhtari, wanda ya fi su baki, ya buɗe waya yana nuna musu. Wuta ta haska, hayaƙi ya miƙe sama ya buɗe kamar malafa, gari guda ya zama toka. Bayan haka aka nuno wata alama, rawaya da baƙaƙen fukafukai uku kamar na fanka. Mai bayani ya ce da sinadarin yuraniyom ake yin abin, kuma a ƙasar Nijar ma ana haƙo shi.

Attahiru ya ji kamar an kira sunansa a lasifika. Ya gyara zama.

"To yau dai kun ji da kunnenku. Abin ga da duniya ke rawar jiki a kai, ni nan nig gangara shi da hannuna tun ba a haihi uwayenku ba. Da ni da shi mun ci tuwo wuri guda. In iska ta taso har cikin akushi shike hwaɗa muna."

Samarin suka yi 'yar dariyar da suka saba. Maharazu, wanda ya tsaya ba jakinsa inuwa, ya ce, "Ku bar shi. Wanga da ko barkono anka daka maƙwabta sai shi kwana tari? Gobe za shi ce muku shi yak koya ma Nasara haɗin."

Wannan ce ta harzuƙa shi. Da Maharazu bai yi magana ba, da abin ya wuce kamar kullum. Attahiru ya miƙe, ya kai wa duron mari da tafin hannu har murfin ya yi tsalle.

"Shaida kuke so? Ga shaida. Wanga duro da kuke sha kullum, daga can nit taho da shi. Cikinai aka zuba garin. Ni niw wanke shi, ruwan hwarko rawaya yah hito."

Mukhtari na riƙe da moda a baki. Ya sauke ta a hankali. Ya juya gefe ya tofar da abin da ke bakinsa.

"Baba, da gaske kake?"

"Ka taɓa jin na yi wasa?"

"Wayar ga ta ce abin ba shi wankuwa hwa. Ko shekara dubu. Shina cin jini sannu sannu." Ya dubi 'yan'uwansa. "Sun ce har haihuwa shike kashewa."

Ba wanda ya yi dariya. Wani ango a cikinsu ya sa hannu ya dafe cikinsa. Shiru ya sauka gindin dogon yaro irin wanda Attahiru bai taɓa samu ba tun da ya fara ba da labari. Duk ido a kansa, duk baki a buɗe. Daɗi ya cika shi har wuya. Ya ƙara musu da yadda ake toshe duro, da yadda motoci ke jerowa da soja gaba da baya. Suna saurare, suna ja da baya, ɗaya bayan ɗaya suna tayar da babur. Ranar ya shiga gida yana taku kamar mai sabuwar rawani. Yau dai Illela ta san waye Attahiru.

Washegari mai garuwa ya cika duro, ya karɓi haƙƙinsa da yatsu biyu ya yi gaba. Hantsi ya yi, ba wanda ya tsaya. Azahar ta yi, murfin katako na nan yadda aka rufe shi. Babura na wucewa, a ɗaga masa hannu daga nesa, a tsaya gaba wurin mai shago a sayi ruwan leda. Magana ta riga ta zaga tasha da kasuwa, ta tsallaka Ƙonni ta dawo da ƙari. Aka tuna Safiyya ta yi ta ramewa ba a gane ciwonta ba. Aka tuna akuyar maƙwabci ta taɓa yin ɓari. Wata mata da ba ta samu haihuwa ba aka ce ai kullum nan take sha in ta dawo kasuwa.

Shi dai yana zaune. Ya yayyafa wa buhu ruwa, ya gyara igiyar moda, ya murɗa rediyo. Da yamma ya kwashe ruwan jiya ya zuba wa dogon yaro, don ba a ba baƙo kwantaccen ruwa, da safe a sake cikawa. Rediyo na ta faɗin jiragen ruwa da wa'adi da barazana, shi kuwa ba wanda zai juya ya ce wa, kun ji ko. Wani lokaci bakinsa kan shirya amin, sai ya tuna ba a yi addu'ar ba, ya haɗiye.

Mutum ɗaya ne bai daina sha ba. Maharazu zai tsayar da amalanke, ya buɗe murfi, ya cika moda, ya shanye yana kallonsa ta saman baki, ya ƙara, ya yi gyatsa.

"Ga ni, ban mutu ba. Duron manja na, kowa ya sani. Bawana, ƙaryarka ta kore maka kasuwa."

"Mutuwa ma zaɓe take, mi za ta yi da kai?"

Sai su ɗan taɓa tsiya, Maharazu ya kaɗa jaki ya tafi, ƙofar ta koma yadda take.

Ranar Lahadi Zuwaira ta zo, bayanta ba goyo. Ta durƙusa a zaure ta gaishe shi, ba ta shiga ciki ba.

"Ina amaryata?" Haka yake kiran jikar.

"Na bar ta wurin kakarta. Ubanta ya ce kada in kawo ta." Ta murza bakin mayafi. "Baba, abin da anka ce kac ce, gaskiya na?"

"Ke ma tambaya kike?"

"Tun ina goye nike shan ruwan ga. Inna ma shi tas sha har ta koma."

"Ni ma shi nike sha. Dube ni."

"Kai daban ne, Baba, kowa ya sani." Ta ɗago kai, abin da ba ta saba yi a gabansa ba. "Amma ruwan ga ba naka ba ne. Na Inna na. Da, kullum sai an yi mata addu'a tun sahe har dare, baƙo da ɗan gari. Yanzu wa ke yi mata? Itace kake ba ruwanta. Itace na cewa Allah kai lada kabari?"

Ta ajiye masa ƙullin fura ta tafi. Ya daɗe yana duban duron. Ba tsoro ya ji ba, a bar wannan maganar, mutumin da mota ta kife da shi ya fito yana karkaɗe riga ba ya tsoron ƙarfe. Safiyya dai ya tuna, yadda take ɗaga murfi da yamma ta leƙa, in ta ga ruwa ya yi ƙasa sosai sai ta yi murmushi ta ce yau an sha.

Da gari ya waye ya aika aka kira Maharazu da amalanke.

"Ina za mu da shi? Ko Nasara sun aiko a maida masu kayansu?"

"Kama mini, ka bar surutu."

Suka kwance buhun, suka tuntsurar da ruwan, suka ɗora duron. Garin ɗaurewa igiya ta goge gefensa, shuɗin fentin da ya tsufa ya ɓanɓaro kamar ɓawon rogo. Ƙarƙashinsa sai ga rawaya. Maharazu ya sa farce ya ƙara ɓanɓarowa don tsokana. Sai ga baƙin fiffike ɗaya, ga rabin na biyu, irin dai na wayar Mukhtari. Ya tsaya da farcen a wurin.

"Fenti na kawai," in ji shi, murya ƙasa.

Attahiru ya ja igiya ya ƙulle. Wannan ne karon farko da shaida ta zo masa har hannu ya bar ta ta wuce.

Suka bi hanyar Gidan Katta har suka fita gonaki, suka kai wani fako da ko tsiron ciyawa ba ya yi, aduwa guda a tsakiyarsa. Nan suka haƙa, tsofaffi biyu da galma ɗaya, ana karɓa ana hutawa, har rana ta take. Suka jefa duron, da murfin, da modar, suka mayar da ƙasa, Attahiru ya tattake da ƙafa. Maharazu ya tsuguna ya yi ta cuɗa hannunsa da rairayi, ya daɗe yana cuɗawa. A hanyar dawowa suka biya wurin mata masu ginin tukwane, Attahiru ya zaɓi randuna biyu, ya ƙwanƙwasa kowace ya ji ƙararta, ya sayi sabuwar moda a bakin kasuwa. Duk tafiyar nan Maharazu bai yi tsiya ko ɗaya ba.

Aka kafa randuna a kan jiƙaƙƙen yashi. Ruwan sabuwar randa kuwa kowa ya san shi, sanyi da ƙamshin ƙasa. Attahiru ya sa wankakkiyar riga ya zauna yana jira.

Ba wanda ya zo.

Da abin ya ishe shi ya tare Mukhtari a hanya, ya sa sanda gaban babur.

"Kai, ɗan nan. Duron ya tahi. Randa ta, yumɓun Gidan Katta. Mi kuma kuke jira?"

Mukhtari ya kashe babur, ya sauko don girmamawa, amma ya tsaya nesa kaɗan.

"Baba, ba duron kaɗai ba ne. Da bakinka kac ce ka shaƙe shi, ka ci shi cikin tuwo. Sun ce abin na cikin jikinka. Kai ka wanke randa, kai ka taɓa moda." Ya sosa ƙeya. "Ni dai da za ka ji tawa. Kowa ya san ka da raha. Ka hito ka ce wasa kake, duron manja na awa yadda Baba Maharazu ke cewa. Wallahi dariya za a yi, a dawo."

"In ce ƙarya nike?"

"Raha, Baba."

"Ni Attahiru? Hau babur ɗinka."

Ya koma tabarmarsa yana huci. Shi da ya ga abin da sarakunan duniya ba su gani ba, ya tsaya gaban yaran da aka haifa jiya ya ce bai gani ba? Tun dawowarsa daga arewa yake jiran ranar da za a yarda da shi. Ranar ta zo, sai a ce ya mayar?

Ana haka, wata Lahadi da rana ta raba, zafi ya kai inda kwalta ke kama takalmi, sai ga wata tsohuwa daga wajen Ƙonni, baƙuwa, da damin tabarmin kaba a ka. Ta hango randuna ta ratso. Ta sauke kaya da ƙyar, ta yi sallama, leɓenta ya tsage, muryarta ba ta fita sosai. Attahiru ya ce bisimilla. Ta buɗe randa, ta cika moda, ta kai baki.

"Iya, aje," wani ɗan kabu-kabu ya ce daga tsallaken hanya. "Ruwan ga ba a sha. Guba gare shi."

Ta dubi mai maganar, ta dubi Attahiru, ta dubi ruwan. Ta mayar da shi cikin randa a hankali, kada ta yi ɓarna, ta rufe. Ta ce, "Allah ba da lada duk da haka, Malam." Bai taya ta ɗaukar kaya ba, don ya ga ba ta son hannunsa kusa da ita. Ya bi ta da ido tana tafe cikin rana, tana ƙanƙancewa, har kasuwa ta haɗiye ta. Ba ta da kuɗin ruwan leda, ya gani a zaninta. Irin waɗannan Safiyya ke leƙe ta katanga.

Da safe bai shimfiɗa tabarma ba. Ya ɗauki sanda ya nufi tasha, teburin mai shayi, inda 'yan kabu-kabu da 'yan canji ke karyawa. Maharazu na ƙarshen benci da kofinsa. Da aka gan shi hira ta tsaya, na kusa suka matsa. Ya tsaya tsakiya, ya dogara sanda.

"Na zo in gaya muku, kun cika tsoro. Duron ga na manja na. Ƙonni nis saye shi, wurin wani Bayarabe. Yoyo shike, shi yas sa nij jefar. Gwada ku niy yi, in ga maza cikinku."

Sai wani ɗan canji ya ce, "To garin da kash shaƙa hwa, Baba? Arlit ɗin ka je ko ba ka je ba?"

Nan ne wurin. Ya so ya tsira da wannan ko da ita kaɗai ce. Amma ya ga idanunsu, ya san in ya riƙe Arlit, garin na nan cikin jikinsa, randuna kuma su ci gaba da zama a rufe. Ya tuna Idi yana tari a bayan mota. Ya tuna inda suka rufe Abdulmalik, cikin rairayin da ba itacen da za a kafa alama. In bai je ba, to su ma ba wanda ya san sun je.

"Tawa nit tsaya," in ji shi. "Dakon albasa niy yi."

Dariya ta fashe har mai shayi ya zubar da madara. Aka tafa, aka buga benci. Angon nan ya yi ta hamdala yana dafe da ciki. Mukhtari ya ce ai shi tun farko ya sani. Aka ja shi aka zaunar, aka haɗa masa shayi mai kauri da burodi, wani ya ce daga yau sunansa Baba Nukiliya. Ya sha shayin, ya taya su dariya, haƙoransa cif a waje. Maharazu kaɗai bai yi ba. Ya ajiye kofinsa da saura a ciki, ya tashi ya kwance jakinsa.

Kafin azahar randa ɗaya ta ƙare. Aka dawo kamar ba a taɓa tafiya ba, 'yan kabu-kabu, mahauta, matan Fulani. "Allah kai ladan kabarin mai shi." Amin. Amin. Ranar ya faɗe ta har muryarsa ta dushe. Da yamma ya ɗaga murfi ya leƙa, ya ga gindin randa, ya ce a hankali, yau an sha.

Lahadi Zuwaira ta zo da Latifa a baya, ta sauke masa ita a cinya.

"Kai dai Baba, ka tayar muna da hankali a banza. Tsohe-tsohe da kai."

Ya ce to. Ya yi wa amaryarsa wasa da gemu.

Ƙofar Attahiru cike take yanzu, har ta fi da. Sai dai in ya buɗe baki zai ce lokacin da muke arewa, kafin ya kai ƙarshe wani ya ce, wace arewa, ta albasa? A yi dariya. Sai ya daina farawa. Yana zaune tsakiyar mutane, ya ce amin, ya miƙa moda, ya yi shiru. Maharazu na zuwa kullum, ya sha, ya zauna gefen tabarma. Tun ranar fakon nan bai ƙara ce masa maƙaryaci ba, bai ƙara ce masa bawana ba, sai Malam Attahiru, kamar baƙo. Cikin duk abin da ya rasa, wannan ya fi yi masa ciwo. Su zauna, jaki na kaɗa jela, ba mai cewa komai, har a kira la'asar.

Rediyo kuwa bai huce ba. Ƙasashen nan biyu na nan sun ja daga, yau a ce za a zauna, gobe a ce an fasa. In magariba ta kusa, hanya ta yi sauƙi, Attahiru kan kara shi a kunne shi kaɗai, ya ji manya masu digiri suna ta bayanin abin da ba su taɓa shaƙa ba. Ya gyaɗa kai. A duk faɗin Illela da Ƙonni, shi ya san launinsa, shi ya san nauyinsa a kafaɗa, shi ya san ɗanɗanonsa a tuwo. Ya riga su gani, ya binne waɗanda suka gani tare da shi, yana nan da ransa.

Wanda duk ke ganin abin da aka faɗa a tasha shi ne gaskiya, hanya a buɗe take. Abin da ya gano dai ya bar shi a cikinsa, kada ya kawo shi bakin randunan Safiyya. Ya bi hanyar Gidan Katta, ya wuce gonaki, zai ga fako da aduwa guda a tsakiya. Ya tafi da galma. In ya taras da ƙarfe ya sa farce ya ɓanɓare shuɗin fenti, ya ga abin da ke ƙasa. Modar ma tana nan ciki da igiyarta. In ya isa, ya cika ya sha.